Manomin da Ya Riƙe wa Abokinsa Sanda

Akwai wani manomi da yake da aboki makiyayi. Tun suna samari, wata rana da kaka suka yi yawo zuwa wani kurmi a bayan dutse. Suka sha ɗinya har harsunansu suka yi baƙi, suka ga birai bakwai a kan wata kanya, makiyayin kuma ya zame ya faɗa cikin rafi da rigarsa ta zuwa kasuwa. Suka dawo gida suna dariya.

Da shekaru suka ja, sai idanun makiyayin suka mutu. Amma abokinsa bai yashe shi ba. Kowace Asabar da la'asar yakan zo ya kama bakin sandarsa, su fita shan iska, wani lokaci bakin rafi, wani lokaci gindin tsamiyar kasuwa. Duk inda suka zauna kuwa, sai labarin kurmin nan ya taso. Biran ma ba su tsaya a bakwai ba, kowace shekara sai sun ƙaru a bakin tsofaffin, har suka kai arba'in. Ba wanda ya taɓa gyara wa wani lissafi, gama suna jin daɗin abinsu.

Sau da yawa makiyayin yakan roƙa a kai shi kurmin, manomin kuwa ba ya rasa dalili. Yau gwiwa ce, gobe hadari ya haɗo. Gaskiyar maganar ita ce an daɗe da sare kurmin, an mai da wurin gonaki. Manomin yana tsoro kada abokinsa ya ji, ya rasa abu ɗaya da ya rage masa yana gani a zuci.

Wata Asabar makiyayin ya kafe, ya ce ko da rarrafe sai sun je. Suka kama hanya. Da suka zaga bayan dutsen, manomin ya shiga kwatanta masa itatuwan da babu su, ya ce ga ɗinyar nan ta yi 'ya'ya, ga kanyar can ta ƙara girma. Sai ya ji an ja sandar daga baya.

Makiyayin ya ce, "Abokina, rana tana dukan kaina, ƙafata tana taka kunyoyin gona, ina kuma jin motsin ganyen dawa. Idonka shi ne idona. In ka faɗa mini abin da babu, da me zan gani?"

Zuciyar manomin ta karaya. Sa'an nan ya faɗi gaskiya duka, ya roƙi gafara. Makiyayin ya yi baƙin ciki, bai kuwa ɓoye ba. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Wancan kurmi na riga na gan shi, ba mai sare mini shi. To, faɗa mini abin da yake nan yau."

Manomin ya duba da kyau, ya ce dawa ta yi kai har ta sunkuya, wake ya yaɗu a ƙarƙashinta, ga wata mace tana tonon gyaɗa. Matar ta gaishe su, ta damƙa musu ɗanyar gyaɗa cike da hannu biyu. Suka zauna a kan dutse suna ɓarewa, ransu fari, har rana ta yi sanyi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Makiyayin shi ne duk wanda ya dogara gare ka, ko tsoho a gidanku, ko marar lafiya, ko sabon mai bi. Kurmin kuwa shi ne alherin da Ubangiji ya yi mana a dā. Tunawa da shi abu ne mai kyau, amma alherin Ubangiji bai ƙare a can ba, yana nan a gonar yau. Manomin yana ƙaunar abokinsa da gaske, duk da haka ƙaryar tausayi ta hana su zuwa wurin nan shekara da shekaru. Kai da wani ya miƙa maka bakin sandarsa, ka tafi da shi a hankali, ka kuma faɗa masa abin da yake gabanku. Zai iya ɗaukar gaskiya fiye da yadda kake tsammani.