Kati Biyu da Kiran Inna

An yi wani mutum a nan Landan, ɗan Arewa, mai kaifin ƙwaƙwalwa. Karatun lissafi ya kawo shi, ya gama, ya sami aiki, ya kama gida a Deptford. Ba ya shan giya, ba ya neman mata. Sai shaiɗan ya biyo masa ta inda yake taƙama, wato ta lissafi.

Ya 'yan uwa, akwai wata karta da ake yi a waya, ana ce mata poka. Ana raba wa kowa kati biyu a ɓoye. Kafin a buɗe sauran katunan a tsakiya, ko ka zubar da naka, ko ka bi, ko ka ƙara kuɗi. To, a wannan gaɓa mutumin nan ya zama shehi. Ya haddace cewa idan kai ne farkon magana, a yawancin rabo haƙura za ka yi, sai kamar ɗaya cikin biyar za ka ƙara. Idan kai ne na ƙarshe, sai ka ƙara a kusan rabi. Mai yawan ƙari a kama shi, mai yawan tsoro a cinye shi a zaune. Wanda bai kammala haddar izu biyu ba, ga shi ya haddace wannan kamar Fatiha!

In an yi masa magana sai ya yi murmushi, ya ce ai wannan ba caca ba ce, ilimi ne, jahilai ne ke caca. Subhanallahi! An dai canja wa tuwo suna. Wa ke raba katin? Kai ne? Kana iya lissafa abin da ke hannun Allah?

La'asar ta fara kuɓuce masa, sannan Juma'a. Yana cikin jirgin ƙasa yana danna waya, yana wurin aiki yana danna waya.

Ana haka aka kawo mahaifiyarsa daga gida neman magani, tare da ƙanwarsa Fauzia. Tsohuwar ba ta jin Turanci, amma tana da ido. Ta tambayi Fauzia me ɗanta yake yi da har ba ya ɗaga kai in ana magana. Da aka gaya mata, ta kira shi ta ce, “In ba ka bar wannan abu ba, ban yafe maka ba.” Ya rantse ya bari. Ya goge wasan a gabanta, ya sake saukar da shi tun bai fita daga ɗakin ba.

Jiki ya tsananta, aka kwantar da ita a asibiti a Camberwell. Ranar wata Lahadi da rana likita ya ce kada kowa ya yi nisa. Ranar kuwa ake babbar gasar poka a waya, irin wadda in ka tashi ba a jiran ka. Sai ya fita baranda ya zauna a kujera, ya ce zai sha iska.

Fauzia ta leƙo. “Yaya, Inna na kiran ka.”

A daidai lokacin aka raba masa kati biyu waɗanda suka fi kowanne a wasan. Duk ƙa'idar da ya haddace ta ce da waɗannan ba a zubarwa, ƙarawa ake yi.

“Ina zuwa,” ya ce. “Ba zan iya zubar da wannan katin ba. Ki ce mata yanzu zan zo.”

Ya ƙara kuɗi. Wani ya ƙara a kansa. Ya sake ƙarawa, ya zauna yana jiran a buɗe katunan tsakiya. Kuma ya ci, jama'a. Ya ci! Ya miƙe yana murmushi, ya tura ƙofa, ya tarar Fauzia tana rufe wa Inna ido.

Ya riƙe ƙarfen gado. “Me ta ce? Ta yafe mini?”

“Ta ce a kira ka,” in ji Fauzia. “Iyakar abin da ta ce ke nan.”

Tun daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Aiki ya gagare shi har aka sallame shi. Ya bi malamai daga Deptford har Tottenham da tambaya guda: kiran yafewa ta yi masa, ko na ƙarin faɗa? Wa zai ba shi amsa? Mai amsar tana kabari. Abin da ya fi ƙona mini rai, da baƙin ciki ya ishe shi, wayar nan dai ya koma wa don ya manta.

Ya 'yan uwa, Allah ya haɗa caca da giya a hani guda, bai ware ta masu digiri ba. Kada ku ɗauka kuɗi kaɗai take ci. Wannan bawan Allah ranar nan riba ya samu, amma me ya saya da ita? Ya san sau nawa ake ƙara kuɗi, bai san cewa wani kiran sau ɗaya ake yin sa ba. Duk wanda ke da wannan abu a aljihunsa yanzu, kuma iyayensa suna raye, ya goge shi yau, ya je ya durƙusa tun suna iya amsawa.

Allah ya gafarta wa tsohuwar nan, ya shiryi ɗanta. Allah ya kiyaye mu da abin da zai shagaltar da mu ranar da iyayenmu za su kira mu. Amin.