Rodin da Aka Zare daga Rufin Ɗakin Yara

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah da ake kira Malam Sallau. Magini ne. Ba irin manyan 'yan kwangilar nan masu gina gada da asibiti ba, a'a, gidajen zama yake gina wa mutane, ɗaki uku, ɗaki huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana birkila a ƙarƙashin wasu kafin hukumar gine-gine ta garin ta ba shi lasisinsa na kansa. Da takardar nan yake karɓar aiki, da ita yake ciyar da 'ya'yansa shida. In babu ita, ko katanga ba shi da ikon karɓa da sunansa.

To, sai wata malamar firamare, Malama Hurera, ta ba shi ginin gidanta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu a gidan haya. Ta ce rufin kankare take so ba kwano ba, don in yaran sun girma a ɗora musu bene. Malam Sallau ya karɓa. Da yake a lokacin yana da wani aikin a bayan gari, sai ya yanki ɗaurin rodi da zubin kankaren rufin ya ba ƙanin matarsa, Ɗanliti. Shi Ɗanliti ba shi da lasisi, a ƙarƙashin na Malam Sallau yake aiki.

Malam Sallau yana da wata al'ada. Duk rodin da ya saya sai ya tsoma bakinsa a jan fenti, don kada ya gauraya da na maƙwabta a wurin gini. Haka ya yi wa na Malama Hurera. Aka ɗaure rodi, mai duba gini na hukuma ya zo ya hau ya ƙirga, ya sa hannu. Malam Sallau yana tsaye a wurin. Washegari aka zuba kankare, ranar kuma ba ya nan. Ku saurara da kyau, kwana ɗaya tak ne bai je ba.

Aka gama gini, aka yi filasta, aka shafa fenti. Malama Hurera ta fara kai kaya. Saura kwana uku ta tare, sai aka yi suna a gidan Ɗanliti. Malam Sallau ya je. Da azahar ta yi ya ɗauki buta ya zaga bayan gida zai yi alwala, sai ya tarar Ɗanliti ya tayar da ginin shago. Rodi sun leƙo daga saman ginshiƙai, ga wasu a jibge a ƙasa an rufe da buhu. Duk bakinsu ja.

Butar ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa ya yaye buhun, ya taɓa fentin da yatsa kamar wanda bai taɓa ganin jan fenti ba. Ya aika a kira masa Ɗanliti.

“Ɗanliti, rodin wa ne wannan?”

“Haba Yaya, yau ranar suna? Zo mu je ka ci abinci.”

“Na ce rodin wa ne?”

“Ragowa ce.”

“Ni na auna rufin nan, ni na sayi rodin. Babu ragowa ko ta taku ɗaya.”

Ɗanliti ya waiga hagu da dama, ya rage murya. “Yaya, kai ma ka cika sa rodi kamar mai gina kurkuku. Bayan mai duba gini ya tafi na ɗan zare kaɗan. Kowa haka yake yi.”

“Kaɗan nawa?”

“In aka bar ɗaya, a zare biyu.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A wane ɗaki?”

“Na ƙuryar nan, babban.”

Jama'a, ɗakin ƙuryar nan shi ne ɗakin yara. Malam Sallau ya sani, don Malama Hurera da bakinta ta ce a yi masa taga biyu saboda ƙaramar tana fama da tari.

Yanzu ku duba halin da bawan Allah nan ya shiga. Rodi yana cikin kankare, kankare yana cikin filasta, filasta tana cikin fenti. Babu idon da zai gani. Hukuma ta riga ta sa hannu. In ya yi shiru, shi ke nan. In ya yi magana, lasisinsa ne a kan aikin, ba na Ɗanliti ba. Matar Malam Sallau, da take wurin sunan, ta ji labari ta yi kuka ta ce ƙaninta ne, a rufa asiri. Ya ce mata, “Ladidi, in namu ne za su kwana a ɗakin, za ki yarda?”

Bai tsaya cin abincin suna ba, ya nufi wurin Malama Hurera. Ya same ta a sabon gidan tana share ɗakin yara, an riga an kafa musu gado mai hawa biyu.

“Malama, don Allah ki fito daga ɗakin nan. Kada ku tare. Rufin ba shi da lafiya.”

Ta ɗaga kai ta dubi rufi, fari tas, babu ko tsaga. “Malam Sallau, wace irin magana ce wannan? Na riga na sallami mai gidan haya, jibi wasu za su shiga. Ina kake so in kai marayu? Ko dai wani ne ya taya gidan kuke neman fitar da ni?”

“Wallahi ba haka ba ne. An zare rodi.”

“Wa ya zare?”

“Wanda na ba aikin.”

“Ni ban san wani ba, kai na sani! Hukuma zan kai ka.”

“Mu je tare, Malama. Dama can zan nufa.”

Washegari suka taru a ofishin hukuma, gaban shugabanta Injiniya Kailani. Aka kira Ɗanliti, ya rantse bai taɓa cewa komai ba, rodin shagonsa a kasuwa ya saya, kuma jan fenti ai ba na mutum ɗaya ba ne. Mai duba gini ya ce shi da idonsa ya ƙirga, lafiya lau. Aka yi ta ja, wannan ya ce, wancan ya ce, har Malama Hurera ta rasa wanda za ta gaskata.

Injiniya Kailani ya ja Malam Sallau gefe. “Malam, ka san abin da kake jawo wa kanka? Mu a nan ba mu san Ɗanliti ba, sunanka ne a takarda. A yanzu babu shaidar komai. Ka ce ruɗewa ka yi, kowa ya tafi gida. Amma in aka fasa rufin aka ga babu rodi, doka ta ce in karɓe lasisinka, kuma zan karɓe.”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“To?”

“A fasa.”

Suka ɗunguma zuwa gidan. Malam Sallau ya sa kowa ya tsaya a tsakar gida. Shi da kansa ya sa tsani ya hau sama da guduma, ya ƙi yarda wani lebura ya hau. Ya tsaya a kan katanga, ya miƙa hannu ya sauke guduma a kan rufin ɗakin yara. Sau ɗaya. Sau biyu. A na huɗu aka ji wata irin ƙara kamar an karya busasshen itace, sai rabin rufin ya rufta ciki gaba ɗaya.

Da ƙura ta lafa, aka leƙa ta taga. Gadon nan na ƙarfe mai hawa biyu ya lanƙwashe ya kwanta da ƙasa. A bakin inda kankaren ya karye, tsakanin rodi da rodi mutum zai iya wucewa da kafaɗunsa.

Mai duba gini ya cire hularsa. Ɗanliti ya sulale ya fice. Malama Hurera kuwa ta zauna a ƙasa tana kiran sunayen yaranta ɗaya bayan ɗaya, alhali suna can makaranta lafiyarsu ƙalau.

Malam Sallau ya sauko, ya zaro lasisin daga aljihu ya miƙa wa Injiniya Kailani da hannu biyu.

Injiniya ya ce, “Ba kai ka zare ba, Malam.”

“Ba ni na zare ba. Amma ni aka ba amana, ni kuma ban zo ranar zubi ba.”

Malam Sallau ya sayar da wani fili da yake da shi ya sake rufin, wani mai lasisi ya tsaya a kan aikin. Malama Hurera da yaranta suka yi wata biyu a ɗakin 'yar uwarta, a takure, sannan suka tare. Shi kuwa ya koma birkila, yana jera bulo a ƙarƙashin mutanen da shi ya koya wa aiki. Kada ku jira in ce muku an mayar masa da takardarsa. Ba a mayar ba. Ladansa yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

To 'yan uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi gida. In aka ba ka amana ka miƙa wa wani, ba ta sauka daga wuyanka ba. Ke da kike barin jaririnki wurin maƙwabciya, ki leƙa. Kai da ka karɓi aiki ka raba wa wasu, ka je ka tsaya a kai, ko da ɗan uwanka ne na jini. In kuma ka gano ɓarna a aikin da ke ɗauke da sunanka, kada ka tambayi kanka wa zai gani. Ka tambayi kanka 'ya'yan wa za su kwanta a ƙarƙashinsa. Ka faɗa tun ana iya gyarawa, ko da abincinka ne zai tafi. Abinci Allah yana kawo wani, amma uwar da ta binne ɗanta babu takardar da za ta dawo mata da shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mana zuriyarmu a inda muke gani da inda ba ma gani. Amin.