Shanun Mudassir Marasa Ƙaho

Akwai wani matashi mai suna Mudassir a wani ƙauye kusa da Falgore. Ya karanta kwamfuta a jami'a, ya dawo gida ya tarar ana rigima kan burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Gonaki sun cinye shi, kullum sai an kai ƙara gun Dagaci.

Sai ya ce shi zai warware matsalar. Ya rubuta manhaja, ya zana taswirar ƙauyen, ya zuba fararen ɗigo ɗari biyu a kai. Kowane ɗigo saniya ce, kuma ya ba ta doka: ki yi kiwo, in kin ji ƙishirwa ki bi hanya mafi kusa zuwa ruwa.

Yayarsa Hauwa ta ce, "Ka je ka tambayi Ardo Baffa mana. Shekara hamsin yana bin shanu."

Ya yi dariya. "Yaya, lissafi ne fa wannan, ba sanda ba."

Ranar taro aka haska aikin a bangon makaranta. Ɗigon suka taho a jere gwanin sha'awa, suka shige ta wani matsi tsakanin dutse da gonar Furera, wata gwauruwa mai marayu uku.

Mudassir ya ce, "Kun gani? Faɗin taku huɗu ya isa. Ba sai kowa ya ba da gonarsa ba."

Manoma suka yi ta murna, Dagaci ya ce gobe a kafa turakan shata burtalin.

Sai Ardo Baffa ya matso kusa da bangon, ya ce a maimaita. Aka maimaita.

"Ɗana, shanun nan naka ba su da ƙaho ne? Na ga wata tana ratsa cikin wata tana wucewa."

Aka kwashe da dariya. Mudassir ya dubi bangon. Ya manta bai ba ɗigon jiki ba, goma ma suna iya tsayuwa wuri ɗaya.

Ardo bai yi dariya ba. Ya ce, "Saniyar da ta baro maraƙinta a ruga ba ta bin layi da yamma. Rana guda za su tattake dawar Furera, a ce mu ne azzalumai."

Kwana biyu Mudassir bai fita ba. A na uku ya je ruga ya durƙusa ya ce, "Baffa, ka koya min."

Mako guda yana bin garke, yana auna faɗinsa, yana gyara dokokin. Da ya sake kunnawa, sai ya ga ana buƙatar taku talatin, kuma hanyar da ta fi dacewa za ta ci gefen gonar mahaifinsa, Malam Abdulmumin.

Ya nuna haka a taro. Mahaifin ya daɗe yana kallon bangon.

"Wannan karon ka tabbata?"

"Baffa ya duba, Baba."

"To, a kafa turakan."

Darasi: Kwamfuta abin da ka gaya mata kawai ta sani. Kafin ka tsara rayuwar mutane a kan allo, je ka zauna da masu yin rayuwar, kuma in gaskiya ta biyo ta gonarku kada ka karkatar da ita. Ku tura wa duk wani ɗan boko da kuka sani, ni ma da kaina na fara.