Akwatin Malam Barau

Sunan garin ya kuɓuce mini, shekarar ma haka. Ku yi haƙuri da tsoho, abin da ya rage shi zan ba ku.

Malam Barau malamin lissafi ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama masa harshe, ga maƙwabci ya kai ƙara yana cewa gonarsu tasa ce. Alƙali ya ce a kawo takardar gonar ranar Talata kafin azahar. Takardar kuwa tana cikin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba, kuskure uku ya kulle ɗungurungum. An riga an yi biyu.

Uwani, babbar 'yarsa, wata bakwai tana jinyarsa, ta gaji har ƙashi. Ita kaɗai ta jure zama da shi shekarun da yake ta maimaita zance ɗaya, tun kafin ciwon. Safiyar Talatar tana dama masa kunu, zancen ya faɗo mata: “Alƙalami huɗu, biyun farko iri ɗaya, biyun ƙarshe iri ɗaya, kuma wata lamba aka ninka da kanta.”

Ƙanenta Nafi'u, wanda ya karanci kwamfuta, ya rubuta wa na'urarsa umarni ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya inda ta dace. Nan take ta tsaya a kan sifili huɗu. Ya miƙa yatsa zai danna.

Yayansa Tasi'u, mai sayar da kwaɗon kulle ƙofa a kasuwa, ya cafke hannunsa. “Kai, boko ya cinye maka kai? Da wannan ake sayar da kowane akwati, a gabana Baba ya canza. Ce mata ta ƙara gaba.”

“Yaya, ka tabbata?”

“Ni dai ku yi sauri,” in ji Uwani.

Na'ura ta ba da 7744. Akwati ya buɗe, gona ta tsira. Amma a ƙarƙashin takardar akwai wata da rubutun Malam: lambun mangwaro kyauta ne ga wanda ya buɗe, ba a raba shi. Suka juya ga Malam, bakin ba ya motsi. Uwani ta zauna a ƙasa, ko musu ba ta da ƙarfin yi.

Lambar dai na gwada da fensir daga baya, tamanin da takwas sau tamanin da takwas ce, babu ƙari babu ragi.

To jama'a, tsakanin mai tunawa, da mai na'ura, da mai riƙe hannu, wa za a ba lambun?