Shafin da Aka Zare daga Rahoton Magani

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, masanin magunguna, shi ne shugaban kwamitin da ke yanke farashin sababbin magungunan ciwon daji. Ƙa'idarsu ɗaya ce. Kafin gwamnati ta sayi magani, sai an baje sakamakon gwaji a tebur, a ga amfaninsa, a ga nawa ake sayar da shi a wasu ƙasashe, sannan a yi masa kuɗi.

Sai ga wani sabon magani. Subhanallah! 'Yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba, amma ƙarin da ya gagari wuƙar likita, da an yi allurar sai ya fara ƙanƙancewa. Wa ya sanar da ɗan Adam wannan in ba Allah ba?

A cikin rahoton maganin akwai shafi guda da ya nuna kamfanin da ya yi shi yana sayar da shi a wasu ƙasashe a kan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da yake nema a nan, kuma yana cin riba. Wakilin kamfanin ya zo gaisuwa, ya bar makullin sabon gida a kan tebur. Mutumin naku ya zare shafin, ya kai rahoton gaban kwamiti, fuska ba ko kunya.

Kuɗin da zai yi wa mutum ɗari huɗu magani ya ƙare a kan arba'in. Don ya rufe ɓarnar, sai ya rubuta doka: wanda ya haura shekara sittin, ba a ba shi. Haka aka riƙa sallamar dattawa suna hawaye.

Bayan shekara huɗu, ƙari ya fito masa a wuya. Shekarunsa sittin da biyu. 'Yarsa ta riƙo shi har tagar ɗakin magani.

Mai ba da magani ya ce, "Baba, wallahi ga shi can a firji, amma doka ta ɗaure min hannu."

'Yar ta fashe da kuka. "Wane marar imani ne ya rubuta wannan dokar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, 'yata. Mu je gida."

Ya sayar da duk abin da ya mallaka. Allura sha takwas ake bukata, biyar ya samu, ya cika.

Wallahi duk sanda na tuna, jikina sai ya yi sanyi. Ya 'yan uwa, farashin magani amana ce, rayuka ne a bayansa. Wanda ya ɓoye hujja don ya ci, me zai gaya wa mutum ɗari uku da sittin ɗin nan ranar tsayuwa?

Allah ya kiyaye mu da cin amanar marasa lafiya, ya ba majinyatanmu sauƙi. Amin.