Sai Zama na Gaba

An yi wani mutum, sakataren majalisar wani gari. Bai taɓa satar kuɗin hukuma ba, kuma a sahun farko yake salla. Shi ya sa nake so ku saurara da kyau, ya 'yan uwa, domin irin zunubinsa ne idonmu ya daina gani.

Dokar garin ta tsara lokacin ƙarin albashin ma'aikata, masu shara da masu yashe kwata da direbobin motar ruwa. Kuɗin na nan a kasafi. Abin da ya rage kawai 'yan majalisa su zauna su ce sun amince. Sakatare ne ke jera abin da za a tattauna, shi kuwa kullum can ƙarshe yake jefa maganar ƙarin. A fara da sayen labule, a yi gardamar wurin ajiye motoci, a kawo shayi. Kafin a iso kanta, wannan ya tafi ɗauko yara a makaranta, wancan ya kara waya a kunne ya sulale. Sai sakatare ya dubi kujeru ya ce, "Ba mu cika ba. Sai zama na gaba."

Don me? Muddin ƙarin yana rataye, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da masu gaisuwa, titinsa ake fara sharewa. Ya ɗanɗani daɗin a roƙe shi, ya mai da haƙƙi alfarma.

Cikin masu yashe kwata akwai wani dattijo da abokan aikinsa ke kira Baba Shebur. Ritayarsa ta ƙarato, kuma da albashin ƙarshe ake yanka wa mutum fansho. In ba a amince kafin ya ajiye aiki ba, a tsohon ma'auni zai zauna har mutuwa. Ya je ofis, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a matso da maganar nan sama."

Sakatare ya yi dariya. "Haba Baba! Kai da ka jure warin kwata, ɗan jira ne zai gagare ka?"

"Ranka ya daɗe, warin kwata ba ya bina gida. Yunwa kuwa tana bina."

Zama ya zo, zama ya wuce. Baba Shebur ya miƙa kayan aiki ya koma gida a tsohon ma'auni.

Sauran ba su yi yajin aiki ba. Gajiya suka yi. Su sa hannu da safe, su tafi dako a kasuwa don neman na cefane. Kwatoci suka toshe. Da ruwan sama ya sauka da ƙarfi, ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane, katangu suka zube, aka yi asarar rayuka.

Aka kafa bincike. 'Yan majalisar da suka sha shayin sakatare suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna rantsuwa cewa su ba su taɓa ƙin amincewa ba, ba a taɓa kawo maganar gabansu ba. Aka kori sakatare, babu sallama, babu fansho. In ya bi titi, masu shara su ɗaga tsintsiya ya wuce, ba mai ce masa sannu.

Da duniya ta yi masa zafi, ya nemi gidan Baba Shebur don neman gafara. 'Yarsa ce ta leƙo.

"Baba ya rasu tun bara."

"To ke ki yafe mini, 'yata."

"Malam, ba ni ka zalunta ba. Me zan yafe?"

Ta mai da ƙofa.

Ya 'yan uwa, har yaushe za mu riƙa cewa haka aka saba? Jinkirta haƙƙin ma'aikaci da gangan zalunci ne, ko ba ka ci ƙwandala ba. Wanda ya sulale daga zama don kada a cika, shi ma yana da kamasho. Na gaji da jin ana ce wa talaka ya yi haƙuri, alhali mai riƙe da haƙƙinsa ba a ce masa ya ji tsoron Allah. Haƙƙin mutum, mai shi ke yafewa, kuma mai shi ba zai jira ka ba.

Allah ya kiyaye mu daga riƙe gumin wani. Amin.