Ranar da Sarkin Ruwa Ya Nutse a Tafkin Wasa

Ku gyara zama, manya da yara, ku bar shayin nan ya ɗan huce. Labarin da zan ba ku ba na zamanin da ba ne, mutanen cikinsa duk suna nan da ransu. Ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani ƙauye na bakin kogin Kwara, can ƙasar Yauri, akwai wani dattijo, Sarkin Ruwa Jatau. Tun yana ɗan ƙarami yake su. Ya san inda giwan ruwa ke kwanciya, ya san inda dorina ke renon ɗanta a kauce mata, kuma mutanen da ya tsamo daga kogi da ransu ba wanda ya san iyakarsu. 'Ya'yansa uku. Babban shi ne Cindo, wanda ya ƙi sana'ar su tun yana yaro, ya bi boko har ya zama malamin jinya a sashen gaggawa na wani asibiti a Kaduna. Uban ya daɗe da wannan abu a ransa, gaisuwarsu ma ba ta tsawo. Na biyu Shekarau, shi ya zauna gida ya gaji kwalekwale da taru. Autar kuwa Ladidi ce, malamar firamare, mai surutu da ban dariya, amma ko tsani aka kafa mata ba ta iya hawa, nan da nan jiri ke ɗibarta.

Da uwarsu ta rasu, tsohon ya daina zuwa kogi. Ya koma zaman zaure, abinci sai an yi da gaske, ƙafarsa ta hagu kuma ta fara riƙewa. Sai 'ya'yan suka tuna ya sha cewa yana so kafin ya mutu ya ga ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Suka haɗa ƙarfi, suka yi masa takardu, suka tafi da shi a jirgin sama sai wani tsibiri a tsakiyar teku, inda mutane ke zuwa hutu daga ƙasashe iri-iri. Ran da suka kai shi bakin teku ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Can ya sunkuya ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar, ya ce wadda ta yi wannan miya hannunta ya zarce da gishiri. Ya yi dariya, ita ce ta farko tun rasuwar matarsa.

Ana gobe za su dawo, Ladidi ta matsa sai an je wurin wasan ruwa da ta ji ana yabo. Wuri ne makeke, an kewaye shi da itatuwan kwakwa, kiɗa na tashi ta ko'ina. Akwai wata hasumiya doguwa, daga samanta an saƙalo wani abu kamar indararo na roba, ruwa na gudu a ciki, mutum ya zauna ya zame ya faɗa ruwa a ƙasa. Kusa da nan akwai babban tafki da aka gina da siminti, bakinsa iya idon sawu, ƙuryarsa kuwa ta shanye mutum. Lokaci-lokaci sai a busa jiniya, inji ya tashi, tafkin ya riƙa yin igiya kamar teku, mutane na kwance a kan tayoyin roba da aka hura wa iska suna ta shewa. Masu gadin ruwa na zaune a kan dogayen kujeru da usur a wuya.

Sarkin Ruwa ya dubi wannan duka ya taɓe baki. Ya ce, "Ruwan da ba kifi ba kada, shi ake wa wannan ihu?" Ya ja kujera ƙarƙashin laima a bakin tafkin, ya zauna da farar rigarsa, ya tsoma ƙafafu. Cindo ya tafi neman inda zai yi azahar. Shekarau ya shiga layin masu sayen gasasshen kifi. Ladidi kuwa, don yayyenta sun yi ta tsokanarta tun a mota, ta sa doguwar rigar ninƙaya da hularta, ta daure ta hau hasumiyar nan tana riƙe da ƙarfe hannu biyu. Da ta kai sama ta leƙa, sai ta ja da baya. Ta koma gefe ta tsugunna, na bayanta suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Ta kasa zamewa, ta kuma kasa juyawa.

A lokacin aka busa jiniya, ruwa ya fara tashi. Wata 'yar yarinya, ɗiyar mutanen tsibirin, ta zame ta tsakiyar tayarta ta yi ƙasa ba tare da ko ƙara ba. Idon da ya yi shekara da shekaru yana karanta fuskar kogi shi ya fara gani. Tsohon bai tsaya cire riga ba. Ya faɗa, ya kutsa tsakanin tayoyi, ya nutsa, ya ɗago ta sama da hannu biyu, ya miƙa wa mai gadin ruwan da ya diro daga kujerarsa. Yarinya ta yi tari ta fasa kuka. Jama'a duk suka juya wajenta, uwarta ta rungume ta, ana ta tafi.

Ba wanda ya waiwayi mai farar riga. Ƙafarsa ta hagu ta ɗaure tamau. Igiya ta buge shi a fuska yana shirin jan numfashi, rigar ta naɗe masa hannu, ruwa ya ja shi can ƙurya. Tayoyi suka rufe samansa kamar an kifa faifai.

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Ladidi tana tsugunne a saman hasumiya, ita kaɗai a duk wurin take kallon tafkin daga sama. Ruwan garau ne, ta hango wani farin abu yana juyawa a ƙarƙashin tayoyi, ta gane rigar da ta goge da hannunta da safe. Ta yi ihu, kiɗa ya haɗiye muryarta. Ta dubi matakala, ta cika da masu jiran layi tun daga sama har ƙasa, kafin ta ratsa su an gama. Hanya mai sauri ɗaya ce, ita ce wadda ta kasa bi. Ta yi bisimilla, ta ture na gabanta, ta jefa kanta cikin indararon nan. Ta ce ba ta san sama ba ta san ƙasa ba, gwiwar hannunta ta goge har jini, ta faɗa ruwa ta sha ya ishe ta. Ta fito tana tangaɗi, ta ruga, ta iske Shekarau da faranti a hannu. Ta ce, "Yaya, Baba yana ƙasa. Can ƙurya, jikin bango, ƙarƙashin tayoyi."

Shekarau ya saki farantin ya faɗa ruwa da tufafinsa. Shi ɗan kogi ne, amma kogi yana da inda ya nufa, wannan kuwa inji ne ke turo shi ya janye. Nutsonsa na farko bai ga komai ba sai kumfa da ƙafafun mutane. Yana ɗagowa igiya ta maka shi da bango, kafaɗarsa ta dama ta goce, hannun ya saki kamar ba nasa ba. Ya hango Ladidi a bakin tafki tana nuna masa wurin. Ya ja numfashi ya sake komawa da hannu ɗaya. Can ƙasa ya taɓo rigar, ta sarƙe a jikin wasu ƙarafa da ke bakin ramin da ruwa ke fitowa. Ya ja, ta ƙi. Ƙirjinsa na zafi, idonsa na ganin duhu, ya kafa haƙora ya yage rigar, ya rungumo uban da hannun hagu, ya doki ƙasa da ƙafa suka taso. Kafin nan masu gadi sun ji kururuwar Ladidi sun kashe inji, suka kama suka fitar da su.

Aka kwantar da tsoho a kan siminti. Ba numfashi, leɓɓansa sun yi toka-toka. Shekarau ya sha ganin waɗanda ruwa ya ci, ya san wannan kama. Ya fara salati, ya tambayi Ladidi ina alƙibla, ya miƙa hannu zai shafe idon uban. Sai wani hannu ya riƙe nasa. Cindo ne, ya taho a guje ba takalmi.

Ya ce, "Ba yanzu ba."

Ya durƙusa ya kara kunne, ya buɗe bakin uban ya hura masa iska, ya ɗora hannu biyu a ƙirjinsa ya shiga dannawa da dukan ƙarfinsa. Ya danna, ya hura, ya danna. Can ya ji haƙarƙari ya ɓalle a ƙarƙashin tafinsa, haƙarƙarin mahaifinsa. Shekarau ma ya ji. Ya ce, "Yaya, don Allah ka bar shi ya tafi da mutuncinsa." Cindo bai ko ɗaga kai ba. Masu gadi suka kawo wata na'ura mai tayar da zuciya da wutar lantarki, ya manna ta da kansa, ya ce kowa ya ja baya, jikin tsoho ya zabura, shiru. Ya koma dannawa. Gumi da hawaye na zuba a kan ƙirjin, waɗanda suka kewaye su sun fara sunkuyar da kai. Bai daina ba.

Sai tsoho ya yi wani irin tari. Ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci. Suka juya shi gefe, ya ja numfashi mai ƙara kamar ana jan guga. Ya buɗe ido ya dube su su uku, ya ce da ƙyar, "Yarinyar fa?"

Ladidi ta ce, "Tana nan lafiya, Baba."

Waɗanda suka ga abin sun ce wurin nan gaba ɗaya ya ɗauka da sowa. Mutanen da ba su jin harshen juna suna rungume da juna suna kuka, har motar asibiti ta fita ana binta da tafi.

Tsoho ya yi kwanaki a asibiti ya warke, aka mayar da kafaɗar Shekarau, aka ɗaure hannun Ladidi. Iyayen yarinyar suka kawo ta, ta hau gadonsa tana wasa da gemunsa. Kafin su bar tsibirin hukumar garin ta tara jama'a, aka kira sunansa, aka turo shi a keken marasa lafiya. Ya ce a tsaya. Ya miƙe da ƙafarsa, ya taka har gaban taro, aka rataya masa lambar yabo ta zinariya mai shuɗin zare.

Labari ya riga su isa gida. Masunta suka cika kogi da kwalekwale suka tarye su, makaɗa na kiɗa, mata na guɗa tun daga mashaya har ƙofar gida. Washegari da sassafe aka ga Sarkin Ruwa a bakin kogi yana duba taru, yana yi wa samari faɗa sun bar shi ya ruɓe. Kuma daga ranar, in zai kira Cindo a waya, "Likita" yake ce masa, su daɗe suna hira.

Ran Juma'a bayan an sauko, ya tara dangi da dattawa a ƙofar zaure, ya fito da lambar. Ya ce, "Tsamo mutum daga ruwa aikina ne tun ina yaro, ba wanda ya taɓa rataya mini komai a kai, ban kuma nema ba. Ni aka tsamo wannan karon. Lambar nan a wuyan ɗaya daga cikin yaran nan ya kamata ta kwana. Guda ɗaya ce, ba zan sa maƙeri ya raba ta ba."

Ladidi ta ce, "Baba, da ban gan ka ba, da Yaya Shekarau yana can yana cire ƙayar kifi."

Shekarau ya ce, "Gani ba ya fitar da mutum daga ruwa, Auta. Har yanzu ban iya ɗaga hannun nan sama."

Cindo ya yi murmushi ya ce, "Abin da kuka fito da shi, kun riga kun fara nema masa alƙibla."

Aka yi dariya, amma maganar ba ta mutu a nan ba. Matan gari suka tsaya bayan Ladidi. Suka ce Shekarau ya shiga ruwa, ruwa kuwa gidansa ne, Cindo ya yi aikin da yake yi kullum a asibiti, ita kaɗai ce ta faɗa cikin abin da ta fi tsoro a duniya. Masunta suka ce wannan zance ne na wanda bai taɓa rasa numfashi a ƙarƙashin ruwa ba. Zamewar Ladidi wasa ne da yara ke yi suna dariya, Cindo kuwa a kan busasshiyar ƙasa ya durƙusa, Shekarau ne kaɗai ya sa ransa a inda zai iya rasa shi, da hannu ɗaya. Dattawa kuma suka ce rai dai na Allah ne, amma a duba wanda Allah ya sa ya ƙi sallamawa a lokacin da ɗan'uwansa ke roƙonsa ya bari, ya ji ƙashin ubansa ya karye a hannunsa ya ci gaba, alhali da abin bai yi ba, shi za a zarga har abada, shi da dama ba su cika jituwa da uban ba.

Aka yi ta yi har aka kira la'asar. Tsohon ya mayar da lambar cikin aljihu, ya ce a je a yi salla. Har yau bai rataya wa kowa ba.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, da Ladidi da ta gani ta diro, da Shekarau da ya nutsa ya fito da shi, da Cindo da ya ƙi bari a rufe masa ido, a wuyan wa za ku ce Sarkin Ruwa ya rataya lambar nan?